Dukushina ya kayar da ni a kwata, ga Sallah saura wata biyu

Ɗan Kwarbai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema, don abin ya fara hana ni barci. Wata uku ke nan da na sayo dukushi a kasuwar Maigatari, bikili ne mai farin goshi. Dillalin ya rantse mini shekararsa uku da rabi. Burina in hau shi a hawan Ƙaramar Sallah cikin tawagar gidanmu, don na gaji da aron doki kowace shekara, a ba ka wanda aka ga dama, a kuma bi ka da gori. Makon jiya na ɗaura masa sirdi, na sa linzami, na haye. Daga ƙofar gida zuwa bakin masallaci lafiya ƙalau. Sai wani mai Napep ya danna hon a bayanmu. Dokin nan ya miƙe tsaye da ƙafa biyu, ya dire, ya yi tutsu sau uku, na tsinci kaina cikin kwata da farar shaddata. Tun ranar, da ya hango linzami a hannuna sai ya ɗaga kai sama ya manne da bango. Jiya kuma na ga jini-jini a gefen bakinsa. Yaya zan yi?

Sarkin Zamiya:
Hahaha, sannu Ɗan Kwarbai, kwata ta yi babban baƙo. Ba wani abu ba ne illa raini, ya gane tsoronsa kake ji. Hana shi dawa kwana biyu, ka fita da shi fili bayan ganuwa, a samu yaro mai ƙarfin cinya ya hau da bulala a yi ta sukuwa har sai ya yi kumfa. Kwana bakwai ya isa ya san waye maigida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Anti Likita (Samaru):
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kafin a kai ga bulala, je ka ɗaga masa leɓe ka faɗa mini abin da ka gani a haƙoran gaba. Nawa ne manya, nawa ne ƙanana farare?

Ɗan Kwarbai:
Anti na duba yanzu, da ƙyar ya bari. Biyu na tsakiya a sama da biyu a ƙasa manya ne, masu faɗi, sun ɗan yi rawaya, amma na ƙasan ba su gama fitowa ba. Sauran duk ƙanana ne farare tas.

Anti Likita (Samaru):
To dillalinka ya ƙara masa shekara guda kyauta. Doki yana famfarar haƙoran tsakiya yana da shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, sai a shekara 5 bakinsa ke cika. Naka ko uku bai kai ba. Yaro ne, kuma dadashinsa ma ciwo yake yi saboda famfara, ka zo ka cusa masa ƙarfe. Wannan jinin da ka gani, tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili da babu haƙori, fata ce 'yar siririya a kan ƙashi, nan linzami ke zama. Da ya firgita ka ja da ƙarfi don kada ka faɗi, nan ka yanka. Shi a wurinsa yanzu linzami da azaba abu ɗaya ne, shi ya sa yake ɗaga kai.

Sai maganar baya. Ƙasusuwan gwiwa kan gama haɗewa wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, amma na gadon baya, inda za ka zauna, su ne na ƙarshe, sai shekara 5 zuwa 6. Ma'aunin da aka saba bi shi ne kada kayan da ke bayan doki su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, kuma wannan ga dokin da ya gama girma ne. Mu ce dukushinka kilo 250 ne, kilo 50 ke nan. Auna kanka, ka haɗa da sirdinmu na katako, da zubka ta ƙarƙashin sirdi, da jalala ta samansa, da alkyabba. Sannan ka tuna Hawan Bariki, daga fada zuwa Bariki a dawo, a kan kwalta, cikin zafin bazara.

Sarkin Zamiya:
Likita da girmanki, wannan lissafin littafi ne. Kakanninmu da suka yi yaƙi a kan doki sikeli suka ɗauka? Ni na hau ɗan shekara biyu na yi zamiya da shi a ƙofar fada, jama'a na ta tafi.

Baba Mai Barga:
Ɗan Baba ne ke rubutawa, na karanta masa duk abin da aka faɗa, ya ce in rubuta yadda ya faɗa ba ragi.

Ya ce: Sarkin Zamiya, wancan ɗan shekara biyun da ka yi zamiya da shi, yanzu yana ina? Shekara nawa ya yi kana hawa? Ni tun shekarar da marigayi Sarki Shehu Idris ya hau gadon Zazzau, 1975, nake kwashe kashin doki, kuma ban taɓa ganin dokin da aka karya da yunwa da bulala ya tsufa da ƙafafunsa lafiya ba. Yana shekara bakwai za ka ga bayansa ya lotsa, gwiwa ta kumbura, baki ya mutu, ko ka rataya a jikin linzami ba ya ji. Kakannin da kake faɗa, su ma ba dukushi suke kai wa fagen fama ba. Dukushi a gida ake bari, ingarma ake fita da shi.

Ɗan Kwarbai, ɗana, rataye linzamin nan a ƙusa ka manta da shi wata guda. Ragama kaɗai. Da asuba bayan salla ka kwance shi daga turke ka ja shi a ƙasa, kai a gefen kafaɗarsa ta hagu, ba a gabansa ba. Ka tsaya ya tsaya, ka tafi ya tafi. In ya yi daidai, sassauta igiya nan take, wannan sassautawar ita ce ladansa, ita yake ganewa. Kuna dawowa ka goge shi da tsumma tun daga wuya har kuturi, ka shafa cikinsa inda majayi zai bi, ka taɓa kunnuwa, ka ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya ka ƙwanƙwasa. Kana yi kana yi masa magana. Kada ka taɓa zuwa masa ta baya shiru, ba ya ganin abin da ke daidai wutsiyarsa, harbi zai yi ba don mugunta ba.

In ya saba, ka ɗora zubka kaɗai ka zagaya da shi. Bayan kwanaki sirdi, majayi sako-sako, kullum a ƙara matsewa kaɗan. Bayan nan ɗan buhun yashi. Bayan nan yaro mara nauyi ya kwanta a kan sirdin da ciki, ya sauka, ya sake. Ranar da za a zauna sosai, a sa tsohon doki mai hankali a gaba ya bi bayansa, don doki a wurin doki yake koyon rabin karatunsa. Kada darasi ya wuce shan shayi ɗaya, kuma ka tashi a kan abin da ya yi daidai, ba a kan faɗa ba.

Linzami kuwa, sai bakin ya warke sarai. Ka shafa masa mazarƙwaila ka bari ya lasa, ya kai baki da kansa. In ya ɗaga kai kada ka bi shi sama, ka jira. Wuyansa zai gaji kafin haƙurinka ya ƙare, in dai kana da shi.

Ɗan Kwarbai:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Amma Baba, duk wannan zai yiwu cikin wata biyu?

Baba Mai Barga:
Ya yi dariya ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bana kam ka sake aro, gorin bai taɓa kashe kowa ba. Ya ce amma ranar Hawan Daushe ka ja dukushin da ragama ka tsaya can nesa inda zai ji tambari da kakaki da algaita da ƙarar bindiga, ya ga lema da mutane. In ya fara rawar jiki ka ƙara nisa, in ya kai baki ƙasa yana neman ciyawa ka matso kaɗan. Wannan ita ce Sallarsa ta bana.

Yaron Folo:
Abin da Baba ya faɗa haka muke yi a filin folo. Dokin folo ba a saka shi wasa na gaske sai ya kai shekara biyar ko shida, kafin nan tafiya ce da juyi da sabawa da sanda tana wucewa ta gefen idonsa. Kuma duk da ƙarfinsu, zagaye ɗaya minti 7 ne a sauya doki. Ɗan Kwarbai, shawarata ɗaya, kada ka fara da linzamin gargajiya mai zobe da harshe, wannan na gwanaye ne masu sanyin hannu a kan dokin da ya riga ya iya. Nemi ɗan siriri mai gaɓa a tsakiya irin wanda muke fara wa ƙanana da shi. In ka zo wajen filin folo da yamma ka tambayi masu kula da dawaki za su nuna maka.

Mai Karnuka na Hanwa:
Ina ta karantawa ina murmushi, don wallahi in ka cire kalmar doki ka sa kare, Baba darasina yake bayarwa. Ni karnukan gasa nake kiwo, irin da ake kira Alseshan guda biyu da irin Bowabul guda ɗaya, shekara shida ke nan. Kuskuren Ɗan Kwarbai na yi shi da kare na farko. Saura sati uku gasa na fara koya masa tsayuwa, ina finciko sarƙa ina daka tsawa. Ranar gasa alƙali ya miƙo hannu zai buɗe bakinsa, kare ya ja da baya ya shige tsakanin ƙafafuna. Nan take aka sallame mu, kuɗin mota zuwa Abuja ya tafi a banza.

Sarkin Zamiya:
A'a Malam, dakata. Ana maganar doki, dabbar sarakai, ka kawo mana kare? Wannan ai cin fuska ne. Mai kula da zaure, a duba.

Mai Kula da Zaure:
Zauren na masu kiwo ne, ba na masu doki kaɗai ba. Makon jiya awa biyu muka yi a kan tantabaru ba wanda ya yi ƙorafi. A ci gaba, ban da zagi.

Maman Biyu:
Ni tambaya gare ni tsakani da Allah. Mece ce gasar kare kuma? Tsere suke yi ko faɗa? Kuma Malam na Hanwa, a ina kake ajiye su, iyalinka ba sa tsoro? Mu nan Tudun Jukun wani maƙwabci ya kawo wani ƙato mai gashi kamar tunkiya, yarana sun daina bin layin.

Mai Karnuka na Hanwa:
Hajiya ba tsere ba faɗa. Kowane irin kare yana da rubutacciyar siffa da ƙungiyoyin masu kiwo suka amince da ita: tsayinsa, faɗin ƙirji, yadda kunne ke tsayawa, yadda wutsiya ke sauka, irin gashi, har da hali. Alƙali ba kare da kare yake gwadawa ba tukuna, kowanne yana auna shi ne da siffar irinsa. Zai sa ka tsayar da shi cak, ya shafa shi tun daga kai har wutsiya, ya buɗe baki ya ga haƙora. Babban kare haƙora 42 gare shi, kuma a Alseshan ana so na sama su ɗan rufe na ƙasa kamar almakashi. Sannan ka zagaya fili da shi yana sassarfa a gefen hagunka, igiya sako-sako. Karen da ya yi gurnani ko ya nemi cizo an fitar da shi ke nan. Shi ya sa karen gasa na gaskiya ya fi kowane kare sanyin hali, don tun yana kwikwiyo ake sa baƙi su taɓa shi, a buɗe bakinsa kullum, a fita da shi ya ji babur da hayaniya. Daidai abin da Baba ya ce a yi da tambari.

Abin ya samo asali ne a Ingila, an yi gasa ta farko a Newcastle a 1859, kuma babbar gasarsu, Crufts, tun 1891 ake yin ta, yanzu a Birmingham. Alseshan ɗin ma wani hafsan sojan doki na Jamus ne, Max von Stephanitz, ya kafa irinsa a 1899. Ka ji Sarkin Zamiya, mutumin doki ne irinka. Nan gida ana yin gasar a Legas da Abuja, masu kiwo kuma suna da yawa a Jos saboda sanyi.

Nawa suna bayan gida, ɗakinsu daban da katanga, ba sa shiga cikin gida, ba sa fita sai da igiya.

Malamin Zaure:
Tunda an tabo nan, bari in sa baki kaɗan, Allah ya sa mu dace. Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Malamai da yawa sun haɗa tsaron gida da waɗannan idan akwai buƙata. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 in ya sha a ciki bin umarni ne. To amma kiwo don ado da gasa zalla, Malam na Hanwa, wannan ka zauna da malaminka ku tattauna, ni ba zan ce maka babu komai ba. Abin da babu saɓani a kai shi ne, duk dabbar da ka ɗaure, ci da sha da lafiyarta suna wuyanka. An gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishi, an kuma azabtar da mace saboda kyanwar da ta kulle. Wannan ya shafi mai hana doki dawa don ya karya shi.

Sarkin Zamiya:
Allah gafarta Malam, ai da ka kira sunana kawai.

Mai Karnuka na Hanwa:
Na gode Malam, kuma na karɓa. Gadi suke yi mini da dare, gidana a bakin gari yake, gasar daga baya ta shigo. Amma zan yi tambayar.

Hajiya, wancan mai gashi kamar tunkiya da kika ce, Kokeshiyan ne, kuma shi ne abin da ke ba ni haushi da masu kuɗin garin nan. Karen duwatsu masu ƙanƙara ne, an yi shi don tsare tumaki daga kyarkeci, ka kawo shi Zariya ka ɗaure a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Kare ba ya gumi kamar mu ko doki, ta haki yake fitar da zafi, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. In zafi ya yi masa yawa sai ka ga harshe ya zazzago, yawu na dalala, yana tangaɗi, kafin ka nemo mota ya tafi. Wasu kuma sai su kai shi a aske gashin tas wai taimako. Kuskure ne, gashin hawa biyu ne, yana kare fata daga rana, abin da ake yi shi ne a taje na cikin da ya mutu da buroshi. Ni a bazara ba na fita da nawa sai bayan asuba da bayan magariba, ruwa a randa ba a roba ba, kuma na yi wa ɗakinsu rufin ciyawa a kan kwanon.

Wahalar kiwon nan ba a filin gasa take ba. Kullum sai na bi jikinsu da hannu ina neman kaska, cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya. Da damina ƙuda ke cin bakin kunnen Alseshan har ya yi gyambo, kuma kunnen da ya yi tabo ya gama gasa. Farce in ya yi tsawo yana ɓata tafiya. Wanka ba kullum ba, yawan sabulu na kashe ƙyallin gashi, kuma ban da omo. Abinci kuma, wanda ya ce zai riƙe irin waɗannan da ƙanzo da ragowar tuwo ya bar su a Jos. Ni shinkafa ko masara nake dafawa da kan kaza da kifi da ƙwai, in haɗa da na buhu in aljihu ya yarda. Ban da albasa, ban da ƙashin kaza dafaffe.

Anti Likita (Samaru):
Ka manta babba, rigakafi. Faɗa musu abin da ya same ka, in ba ka jin kunya.

Mai Karnuka na Hanwa:
Anti kin tono ni. Shekara uku da suka wuce karyata ta haifi bakwai. Don in rage kashe kuɗi na sayo allurar rigakafi a wani shago na yi musu da kaina. Ashe unguwar ta kwana biyu ba wuta, firjin ya zama akwati kawai. Suna da wata biyu da rabi amai ya fara, sai zawo mai jini da wani irin ƙarni da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Cikin kwana biyar na binne biyar. Biyun da suka rayu sai da suka sha ƙarin ruwa a asibitin dabbobi.

Anti Likita (Samaru):
Cutar fabo ke nan, kuma ƙwayarta na iya yin watanni a ƙasar gida. Allurar in ta yi zafi ta mutu, ruwa kawai ka tsira musu. Ƙa'ida: a fara a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 zuwa 4 har su kai sati 16, kuma kafin a gama kada kwikwiyo ya taka inda wasu karnuka ke yawo. Ta ciwon hauka a wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wannan allurar, kuma ga asibitin koyarwa na dabbobi a ABU a nan Samaru, ba sai an je nesa ba. Kada kuma a ba kare maganin ciwon jiki na mutane, yana lalata masa ciki da ƙoda.

Maman Biyu, ke kuma ga naki. Kina da haƙƙin ki sa maigidanki ya tambayi maƙwabcin nan katin rigakafin karensa. In kuma, Allah ya kiyaye, kare ya ciji yaro ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, sannan asibiti a ranar. Ba a jira a ga ko zai warke, ba a tsaya shafa gashin karen ko toka. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, amma allura kafin nan tana hanawa. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana dubawa, kada a kashe a jefar.

Maman Biyu:
Na gode Anti, na adana wannan. Amma in faɗi gaskiya, dawakin ma ba su bar mu ba. Da Sallah ta matso yaran nan masu kilisa sai su cika titin Ƙofar Doka da yamma, sukuwa tsakanin motoci, yaro ɗan shekara goma sha biyu a kan doki ba manya. Bara a gabana aka banke mai tallan awara. Ku masu dawaki ku ja musu kunne.

Yaron Folo:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Kuma sukuwa a kwalta dokin ma take ci, kofato ba takalmi, santsi, ga jijiyar ƙafa.

Ɗan Farauta:
Ni dariya kuke ba ni da karnukan firji. Nawa guda huɗu 'yan gida ne, ba mai takarda ko ɗaya, amma mu shiga dajin bayan Kufena da rani mu ga wanda zai dawo da zomo. Naku ko awa ɗaya ba zai yi ba sai an ɗauko shi a kafaɗa.

Mai Karnuka na Hanwa:
Ban musa ba ko kaɗan. Kuma bari in ba ka abin mamaki. Siririn karen nan mai dogayen ƙafafu na Buzaye, na yankin Azawak tsakanin Nijar da Mali, Turawa sun ɗauke shi sun rubuta masa siffa, a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin irin da take gasa da su. Mu muna jifan na gida da dutse muna sayen na ƙanƙara da kuɗin fili. Amma naka ma a yi musu allurar hauka, su suka fi haɗuwa da namun daji.

Ɗan Farauta:
Wannan kam an yi musu, tun da na rasa ɗaya na daina wasa.

Ɗan Kwarbai:
Jama'a kun tafi da zaren wajen karnuka kun bar ni da dukushi a hannu. Tambaya ta ƙarshe. Wani ya ce in ƙara masa dawa sosai da kanwa don ya yi saurin cika. Yanzu kwano biyu nake ba shi safe da yamma.

Baba Mai Barga:
Baba ya ce kwano biyu na dawa ga dokin da ba ya aikin komai, kai ka sayi tutsun da kuɗinka. Ya ce rage dawa, ƙara ciyawa da harawa, dusa a jiƙa ta. Kanwa ɗan kaɗan a ruwa lokaci-lokaci, ba kullum ba. Kuma ka daina ɗaure shi a turke wuni da kwana, yaro ne, yana son ya yi birgima.

Anti Likita (Samaru):
Na sa hannu a maganar Baba. Tumbin doki ƙarami ne a kan girman jikinsa, an halicce shi ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan wuni guda, kuma ba ya iya amai. Hatsi mai yawa a lokaci ɗaya shi ke kawo ciwon ciki da ciwon kofato. Ciyawa da harawa su kai kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, kuma a duba harawar kada ta yi fumfuna. Ruwa kada ya yanke, da zafi yana iya shan lita 40 ko fiye. Duk canjin abinci a yi shi a hankali cikin mako guda. In ka ga yana tona ƙasa, yana waiwayar cikinsa, yana kwanciya yana tashi, ya ƙi abinci, kira likita, kada a yi masa ɗure. Gyaran kofato duk sati 6 zuwa 8. Ka kawo shi ko a zo a duba bakin nan, a ba shi maganin tsutsa, a yi masa allurar cutar sandarewar jiki tunda yana da rauni.

Sarkin Zamiya:
To shi ke nan, kun taru kun mai da doki ɗan gata. Mu haɗu a ƙofar fada ranar Sallah, a ga wanda za a nuna a Facebook.

Yaron Folo:
Dokin mai baki ya fi gudu.

Ɗan Kwarbai:
'Yan zaure, na dawo da rahoto bayan sati uku. An duba bakin, ya warke. Na rage dawa zuwa rabin kwano. Kullum da asuba muna zagayawa ta bayan ganuwa ni da shi a ƙasa, har masu shayi sun fara tsokanata wai na sayi doki na koma dakare. Yana ba ni ƙafafun gaba, na baya har yanzu sai mun yi ciniki. Shekaranjiya wani mai babur ya wuce mu da gudu, ya zabura taku biyu ya tsaya yana huci, bai miƙe ba. Yau na shafa mazarƙwaila a sabon linzamin da Yaron Folo ya samo mini, na riƙe a gabansa na ƙi motsi. Mun fi minti goma a haka, hannuna har ya yi tsami. Sai ya sauko da kai ya lasa, ya lashe tas, ya juya mini ƙeya. Ban sa masa ba.

Na je wajen kawuna maganar aro, ya ce zai ba ni tsohon kilinsa, amma da sharaɗin ni zan sayi harawar wata biyu.

Baba Mai Barga:
Baba ya ce gobe ma kada ka sa, jibi ma haka. Ya ce kuma kilin kawun naka ya san shi, a Hawan Daushe ka sa a tsaya da dukushin inda zai hango shi.

Sarkin Zamiya:
Ɗan Kwarbai, wannan linzamin mai gaɓa, nawa ka saye shi? Ba don ni ba, wani ne ke tambaya.